Lamu, Tsibirin da Ruwa ke Yanke wa Maigida Lokaci

 

Yau na ajiye siyasa da farashin masara a gefe, maganar hutu zan yi. Kuma da magidanta 'yan'uwana zan fara. In makarantu suka rufe muka ce za mu kai iyali hutu, wa yake hutawa? Mun san yadda abin yake. A loda buhun shinkafa da jarkar mai a bayan mota, a cusa yara, a nufi gida. Maigida yana sauka ya gaida tsofaffi, ya zarce majalisar abokan ƙuruciya, ba a sake ganin ƙeyarsa sai bayan isha'i. Yara su watse cikin dangi. Ita kuwa uwargida, tun ba ta cire mayafi ba an nuna mata madafi. Ta baro tukunyar mutum shida, ta tarar da ta mutum talatin. Bayan mako biyu a dawo a ce wai an je hutu. Ni ma haka na yi shekara da shekaru, kuma ban ce zumunci ba shi da lada ba. Amma sai da na je wani ɗan tsibiri a gaɓar ƙasar Kenya na gane cewa matata ba ta taɓa yin hutu ba tun da muka yi aure.

Sunan tsibirin Lamu. Yana can arewacin gaɓar Kenya, a Tekun Indiya, ba nisa da iyakar Somaliya. Aiki ne ya kai ni Nairobi, sai na haɗa da ɗan abin da na daɗe ina tarawa, na ce su biyo ni: ita da yara uku. Daga Legas zuwa Nairobi kusan sa'a biyar ne a jirgi. Daga nan kuma ƙaramin jirgi, sa'a ɗaya da 'yan mintuna.

Abin mamakin farko, jirgin ba a Lamu yake sauka ba. Filin jirgin yana wani tsibiri ne da ke fuskantarsa, ana ce masa Manda. Ka fito da jakarka kana waige-waigen tasi, babu. Sai wata 'yar hanya da za ta kai ka bakin ruwa, inda jiragen katako ke jira. Cikin kwata na sa'a ko ƙasa da haka an tsallake da kai. Muna tsakiyar ruwa garin ya bayyana: fararen gidaje masu hawa biyu da uku, wasu da rufin ganyen kwakwa, hasumiyoyin masallatai, ga jirage birjik a gaɓa. Da muka taka ƙasa na lura hannuna na dama yana cikin aljihu yana laluben makullin mota. Shekara ashirin hannun nan ya saba.

Babu mota a Lamu, in ban da 'yan ƙalilan na hukuma. Ko an kawo ta ma ba inda za ta bi. Wanda ya san lungunan cikin birnin Kano, ko na Zariya, ya rage musu faɗi, ya ƙara wa katangun tsawo, to ya ga titin Lamu. Akwai inda in ka miƙa hannuwa biyu za ka taɓa bango da bango. Masu aikin ɗaukar kaya su ne jakuna, dubbansu. Su ke kai siminti, su ke kai yashi, su ke kai tulunan gas da katan-katan na ruwa. Har asibiti gare su a bakin teku, wanda wata ƙungiyar jinƙan jakuna ta Ingila ta buɗe a 1987. Autanmu da ya ji haka ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi dariya ba, don na tuna yadda jakunanmu suka ƙare a hannun masu sayen fata, har Nijar ta hana fitar da su a 2016, har Tarayyar Afirka ta haramta cinikin fatar a 2024. A Lamu jaki ɗan gari ne mai mutunci. In ya taho da kaya cikin lungu, kai za ka manne da bango, ko kai wane ne.

To, a nan mulkina ya fara zubewa. A gida ni ke cewa a tashi, ni ke cewa a tsaya, don ni ke riƙe da sitiyari. Uban da ba shi da mota a hannu, daidai yake da kowa: da ƙafa yake tafiya, kuma yaro ya fi shi sauri. Kwana biyu kacal ɗana na tsakiya ya haddace lungunan unguwarmu, ni kuwa sai in fita sayen katin waya in ɓace. Shi ke zuwa ya samo ni. Da safe uwarsa ta ba shi kuɗi ya tafi shi kaɗai sayo mahamri, wato wani irin fanke mai kusurwa uku da ake kwaɓawa da madarar kwakwa, babu mai cewa ka kula da titi. Ku tambayi kanku, a unguwarku yaushe rabon da ku saki ɗan shekara tara ya tafi aike hankalinku kwance?

Gidan da muka kama tsohon gini ne na Sawahilawa. Hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2001, saboda ya haura shekara 700 ana zaune a cikinsa ba yankewa, kuma gine-ginen suna nan yadda suke. Da dutsen murjani da ake haƙowa a gaɓa ake gina su, a shafe da farar ƙasa. Abin da ya burge ni shi ne yadda gidan ya yi mini kama da gida. Kafin ka kai ga ƙofa akwai wata 'yar rumfa da ta shige cikin bango, suna kiranta daka, da dakali hagu da dama, shi kuma baraza. A nan maigida ke ganawa da baƙi maza, ba sai sun shiga ciki ba. Ashe zaure ne da dakali, aka yi musu wani suna. Ƙofar kanta katako ce mai nauyi da sassaƙa, kuma ba a shiga sai an ce hodi, a amsa da karibu, kamar dai sallama a wajenmu. Ɗakunan dogaye ne amma matsattsu. Na tambayi dalili, aka nuna mini rufi: sandunan da suka ɗauke shi na wata bishiya ce mai tsirowa cikin ruwan gishiri, mikoko, kuma iyakar tsawon sanda shi ne iyakar faɗin ɗaki. Duk maginin gargajiya da ya yi aiki da azara ya san wannan doka.

Yanzu ga inda zancen yake. A Lamu in ka kama gida, galibi da mai girkinsa ake ba ka, kuma sau da yawa namiji ne. Da sassafe masunta ke zuwa ƙofa da abin da suka kamo cikin dare, a zaɓa, a yi ciniki, mai girki ya karɓa. Ranar farko matata ta kasa zama. Ta sauko kicin sau uku, tana tambayar ko a yanka albasa, ko a wanke shinkafa. Mutumin, dattijo ne mai fara'a, ya yi ta cewa pole pole, mama, wato sannu a hankali. Rana ta biyu ta sauko sau ɗaya. Rana ta uku na hau saman bene bayan la'asar na tarar da ita a kishingiɗe kan gadon igiya, iska tana kaɗa labule, ba waya a hannunta, ba tsintsiya, ba yaro a cinya. Ta dube ni ta ce, "Malam, ashe haka kuke ji kullum?" Na yi dariya don in rufe kunya, amma maganar ta zauna mini a ƙirji.

Abincin ma sai da muka sha fama. Shinkafa dafaffiya da madarar kwakwa, kifi gasasshe da aka shafe da miyar kwakwa da tsamiya, wake irin na turawa da kwakwa a karin kumallo. Kwakwa dai, kwakwa dai. Babbar 'yata ta ce in an matse ta kwakwa za ta fito. Ranar da aka kawo ƙaguwa da jatan lande, yaran suka zuba mata ido kamar an kawo kunama a faranti. Na ce musu a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke cikin teku halal ne. Suka ce sun ji, amma in fara ci. Na ci, kuma da daɗi. Da yamma kuma akwai masu gahawa a bakin teku, baƙa mai ɗaci a 'yan ƙananan kofuna, ana haɗa ta da alewa mai laushi da suke kira halwa.

Ciniki bai yi mana wuya ba, kuma dalilin zai ba ku sha'awa. Ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, sitini, sabini. Kun ji? Ashirin, talatin, arba'in, hamsin, sittin, saba'in. Daga rijiya ɗaya muka ɗebo, wato Larabci. Sabulu sabuni ne, labari habari ne, Alhamis Alhamisi ce. Yaro in zai gaida babba ya ce shikamoo, babban ya amsa da marahaba. Wannan sauƙi ne ya ruɗe ni har na ɗauka na iya Sawahilanci, kuma shi ya jefa ni cikin kuskuren da zan ba ku labari.

A tsibirin Manda akwai kufan wani tsohon gari, Takwa. Na yi ciniki da wani mai jirgi, su nahodha suke ce wa shugaban jirgi, cewa gobe zai kai mu. Ya ɗaga yatsu huɗu ya ce saa nne. Na ce to, ƙarfe huɗu, bayan la'asar ke nan, rana ta yi sanyi. Washegari na tattara iyali, kowa ya sha kwalliya, muka isa bakin ruwa ƙarfe huɗu daidai, ina ta yi musu huɗuba kan cika alkawari. Muka tarar da jirgin a kwance kan laka, ya karkata gefe guda, ruwan ya ja baya can nesa. Nahodha yana zaune yana gyaran koma. Ya ce tun hantsi yake jiranmu.

Ashe Sawahilawa daga fitowar rana suke fara ƙirga sa'o'i. Yankin yana dab da tsakiyar duniya, rana kusan kullum wajen ƙarfe shida take fitowa, don haka ƙarfe bakwai na safe shi ne sa'a ta ɗaya. Sa'a ta huɗu kuwa ƙarfe goma ne na safe. Na ce to, tunda ga mu ga jirgi, mu tafi yanzu mana, zan ƙara kuɗi. Ya dube ni irin kallon da malamin allo ke yi wa sabon almajiri, ya nuna laka da haɓa. Hanyar Takwa wani siririn mashigi ne cikin dajin mikoko, sai teku ta cika ake bin sa. Kuɗina ba za su kawo ruwa ba.

Mu mutanen tudu ba mu san wannan ba. Kogi a wajenmu da damina yake cika, da rani ya ƙafe. Teku kuwa sau biyu take cika a yini da dare, sau biyu take janyewa, kuma wata ne ke jan ta. Kowace rana lokacin yana jinkirta da kusan minti 50, kuma in wata ya tsaya ko ya cika goma sha huɗu, cikar takan fi yawa, janyewar ma haka. Mutumin Lamu da lissafin wata yake fita kamun kifi, da shi yake ɗaura tafiya, ba don azumi da Sallah kaɗai yake duban sama ba. Akwai kuma iska. Daga wajen Disamba zuwa Maris tana busowa daga arewa maso gabas, suna ce mata kaskazi, ita ce ta riƙa kawo jiragen Oman da Yaman da Indiya ɗaruruwan shekaru. Daga wajen Afrilu ta juya ta zama kusi, ta mayar da su gida ɗauke da sandunan mikoko da hauren giwa, da kuma bayi, don wannan ma yana cikin tarihin arzikin garin, ba a ɓoye shi. Ɗan kasuwan da ya makara, sai ya zauna wata shida yana jiran iska. Wasu a zaman jiran suka yi aure, jikokinsu ne muke gaisawa da su a lungu.

Kuma ba ni ne farkon baƙon da ruwan Lamu ya kunyata ba. Wajen 1812 mayaƙan tsibirin Pate da na Mazru'awan Mombasa suka kawo wa Lamu yaƙi, suka sauka a rairayin ƙauyen Shela. Da faɗa ya juya musu suka ruga ga jiragensu, suka tarar ruwa ya janye ya bar su a kan yashi. Aka yi musu mummunar ɓarna. Bayan wannan nasara ne aka kammala ganuwar da ke tsakiyar gari, wajen 1821, da taimakon Sarkin Oman. Daga baya Turawan Ingila suka mai da ita kurkuku, ta ci gaba a haka har 1984. Yanzu a gabanta dattawa ke zama ƙarƙashin inuwa suna buga bao, wato darar gidauniya irin tasu. Da na ba yara wannan labari, sai babbar ta ce, "Baba, su ma ƙarfe huɗu suka zo?" Har yau ba a daina tsokanata da shi a gida ba.

Washegari muka je Takwa, wajen sha ɗaya. Jirgin ya kashe inji, aka riƙa tura shi da gora cikin mashigin, rassan mikoko suna shafar kawunanmu, ba ka jin komai sai tsuntsaye da ɗigar ruwa. Garin ya bunƙasa a ƙarni na 15 da na 16, aka watse daga cikinsa a ƙarni na 17. Masallacin yana nan da mihrabinsa, ga ragowar ganuwa, ga kukoki manya-manya kamar a dajin Katsina. Abin da aka fi dangantawa da tashin garin shi ne rijiyoyinsu sun koma gishiri, ga kuma rikici da maƙwabta. Mutanen suka tsallaka suka zauna a Shela. Ku riƙe maganar rijiyar nan, zan dawo kanta.

A masallacin Takwa ne ɗana ya ja rigata ya ce, "Baba, sun yi kuskure, gabas tana can." Tun ranar da muka sauka abin yake damunsa. Mu in an ce ka fuskanci gabas an ce ka fuskanci alƙibla, har kalmomin sun zama ɗaya a bakinmu. A Lamu kuwa Makka tana arewa, kusan sak. Na ɗauki tsinke na zana masa a ƙasa: ga Kano, ga Makka, ga Lamu. Ya daɗe yana kallo. Ban taɓa zama na koya wa yaron nan wani abu da hannuna ba sai ranar, kullum malamin makaranta na bar wa.

Garin Musulmi ne, 'yan mazhabar Shafi'iyya, maza da kanzu da hula, mata da baƙin lulluɓi da suke kira buibui. Matata ba ta ji baƙunta ba ko kaɗan, ba wanda ya kalli hijabinta sau biyu. Babbar cibiyar ilimin garin ita ce masallacin Riyadha, wanda Habib Swaleh, wani sharifi da ya zo daga tsibiran Komoro, ya kafa a ƙarshen ƙarni na 19. Maulidin da ake yi a can cikin ƙarshen Rabi'ul Awwal yana tara jama'a daga ƙasashen Afirka ta Gabas, har da tseren jakuna da na jirage. Mai neman shiru kada ya zo a wannan mako, haka ma lokacin bikin al'adu na watan Nuwamba. A gidan tarihi kuma muka ga siwa, ƙaton ƙahon sarauta da ake busawa ta gefe, na hauren giwa da na tagulla. Yara suka ce kakakin Sarki.

Rairayin da ake zuwa dominsa yana Shela, kimanin kilomita 3 daga gari. In ruwa ya janye a bi gaɓa da ƙafa cikin minti arba'in, in ya cika a hau jirgi. Daga ƙarshen ƙauyen yashi ya miƙe kilomita 12, ba shago, ba rumfa, ba mai talla, sai tuddan rairayi a bayanka kamar ka doshi Agadas. Autanmu da ya fara ganin teku ya tsaya cak, sannan ya tambaya wa ya bar famfo a buɗe. Uwarsu ta shiga har gwiwa da doguwar rigarta, igiyar ruwa ta zo ta jiƙa ta har wuya, ta yi wata irin dariya da rabona da jin ta tun muna amarci. Sai dai a kula. Tsakanin Shela da Manda ruwan yana da ja mai ƙarfi lokacin da teku ke shiga ko fita, kuma yaranmu ba su iya iyo ba. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ban bar kowa ya wuce ƙugu ba, kuma ban yarda mun hau jirgin da ba shi da rigunan kariya ba, ko da nahodha ya ɓata rai.

Kada in yi muku zaƙin baki, wurin ba aljanna ba ne. Kwatocin garin a buɗe suke a gefen lungu, ga kashin jaki, in rana ta take sai ka toshe hanci. Akwai sauro. Baburan acaɓa sun fara shigowa bakin teku, dattawa suna ƙorafi, matasa suna cewa da me za su ci abinci. Ga maganar tsaro. A 2011 'yan bindiga daga Somaliya sun sace Turawa a yankin, a watan Yunin 2014 kuma aka kai hari garin Mpeketoni da ke kan tudu aka kashe mutane da dama. Ba a cikin tsibirin aka yi ba, amma baƙi suka ɗauke ƙafa, masu jirage da masu girki suka zauna ba aiki. Mu da muka san abin da sunan gari ke jawo wa mutanensa in ya fito a labarai, ba sai an yi mana bayani ba. Mai niyyar zuwa ya bi ta sama, ya kuma tambayi halin da ake ciki kafin ya sayi tikiti.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: shirun da na biya kuɗi na saya, rayuwar wasu ce, kuma ba su aka tambaya ba ko suna son ta ci gaba a haka. A Shela attajiran Turai sun saye gidaje da yawa, sun gyara su sun yi kyau, amma farashi ya tashi har ɗan gari ba ya iya sayen fili a unguwar kakansa. Ruwan sha na tsibirin daga ƙarƙashin tuddan yashin nan yake fitowa: ruwan sama ne ke nutsewa ya taru, yana kwance a kan ruwan gishiri. In aka zuƙe shi fiye da yadda sama ke mayarwa, ko aka yi gini a kan tuddan, gishiri zai hauro. Abin da ya tashi Takwa ke nan, kuma zuriyar mutanen Takwa ne ke kallon baƙi suna cika tafkin wanka a tsakar gida. Tun da na fahimci haka na sa yara suka koma wanka da bokiti, yadda muka saba.

Can kuma a mashigin Manda gwamnatin Kenya tana gina babbar tashar jiragen ruwa, wadda aka tsara za ta haɗa da Habasha da Sudan ta Kudu. An buɗe matsaya ta farko a watan Mayun 2021, cikin 32 da aka tsara. Masunta sun kai ƙara cewa haƙar teku ta lalata musu wuraren kamun kifi, kuma a 2018 kotu ta ce a biya kimanin mutum 4,600 diyyar shilin biliyan 1.76. A 2019 wata kotun muhalli ta soke lasisin tashar wutar kwal da aka so ginawa a yankin, bayan mutanen gari sun yi tsayin daka. Nahodhanmu yana da ɗa da ya gama sakandare. Na tambaye shi, tashar nan alheri ce ko sharri? Ya ce in ta ɗauki ɗansa aiki alheri ce, in ta kore kifi ta kawo 'yan wani gari aiki, to ya san sunanta. Ban ga bakina na ce masa ya zauna da jaki da fitila don ni in zo in huta ba. Baƙo raɓa ne, kwana bakwai zan yi in tafi.

Na san wani yana saurare yana cewa, Malam, muna fama da kuɗin makaranta kana mana zancen Tekun Indiya. Gaskiyarka. Tafiyar ta ci kuɗi, sau ɗaya na yi ta, kuma ban ce kowa ya ci bashi ba. Amma da na zauna na yi lissafin abin da ya yi mana aiki a can, ban ga teku a sahun gaba ba. Wayoyinmu ma suna aiki, akwai intanet. Kwana biyun farko yara sun yi ta ƙunƙuni, ba talabijin, ba abokai, ba inda za a je. Ni ma ƙafata ta yi ta ƙaiƙayin majalisa. Tsibiri ne, ko ka yi fushi ba inda za ka, sai ka dawo ka zauna da waɗanda ka zo da su. A daren na huɗu, a saman bene, babbar 'yata ta faɗa mini abin da take so ta karanta a jami'a, wanda ba shi ne na daɗe ina faɗa wa mutane ba. Ta ce ta yi shekara biyu tana neman ranar da za ta same ni a zaune.

Ranar komawa nahodha ya ce saa mbili. Na buɗe baki, yara uku suka haɗa baki suka ce, "Ƙarfe takwas, Baba." Jaki ya ɗauki jakunkunanmu, ya kai tsakiyar lungu ya tsaya, ya ƙi gaba ya ƙi baya, mu biyar muka jeru a bayansa muna jira har ya ga dama.

Hutun da ya biyo baya gida muka je, wurin Hajiya mahaifiyata, kamar kullum. Sai dai wannan karon tun kafin mu isa na aika aka nemo mata biyu 'yan unguwa, na biya su, na ce su za su riƙe madafi har mu tafi. Na kuma rage majalisa zuwa bayan la'asar. Hajiya ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa. Ta ce, "Kai, matar taka ba ta da lafiya ne?" Na ce lafiyarta lau, Hajiya, hutu ta zo. Ta yi shiru tana jan carbi, ta daɗe. Can ta ce, "To, gobe ka ce su dafa da ni, ni ma tuwon nan ya ishe ni tuƙawa."